Apache a DCS: in Hellfire ya kauce, laifin na gaba ne ko na baya?

Mutari Karkada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce ga masu tuƙa helikwaftan yaƙi Apache AH-64D a DCS World, wasan kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta. Mutum biyu a jirgi ɗaya, na baya yana tuƙi, na gaba yana riƙe da TADS, na'urar hange mai kyamara da leza. Taswirar Siriya, zafi digiri 40, Hellfire 16 (makami mai linzami da ke bin hasken leza), mai cike da tanki. An tsaya cik a sama bayan wani tudu, kilomita 6 tsakani da tankar T-72. Da na gaba ya kunna leza sai hoton ya riƙa zamewa, makamin ya tashi ya faɗi gefe. Kafin a saki na biyu jirgin ya fara nitsewa, ana jan kolektif, wato sandar ɗagawa ta hannun hagu, yana ƙara tafiya ƙasa. Na gaba ya ce na baya bai iya tsayuwa ba, na baya ya ce na gaba bai iya riƙe leza ba. Don Allah a raba mana gardama.

Lawali Birni:
Wa alaikumus salam Mutari. Tun kafin jirgin ya bar ƙasa aka yi kuskuren, kuma na baya ne ya yi shi. Kowane Hellfire ya kai kilo 45, ga maratayansu huɗu, ga mai lita 1,400 da 'yan kai a ciki. In an ɗora radar Longbow a saman farfela nauyi ya ƙaru. Iyakar nauyin Apache fam 23,000 ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba, a zafi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. Lissafin matuƙa shi ne kowane digiri ɗaya sama da ma'aunin da aka saba yana ƙara kamar ƙafa 120 a tsayin da jirgi ke ji. Ɗauki filin jirgin Damagaram, yana wajen ƙafa 1,500 sama da teku, inda ma'aunin ya kamata ya zama digiri 12. Ranar da zafi ya kai 42 a watan Afrilu, bambancin 30 ne, sau 120 ya ba da 3,600. Ke nan jirgi yana ƙasa amma yana ji kamar ya haura ƙafa 5,000. Na'urar kwaikwayon tana lissafa wannan.

Kafin ka tashi ka buɗe shafin PERF a allon jirgi. Zai nuna maka tork, wato ƙarfin da inji ke bai wa farfela, wanda tsayuwa ke buƙata kusa da ƙasa, da wanda take buƙata in ka yi sama. Farfelar Apache faɗinta ƙafa 48 ne, muddin kana ƙasa da wannan tsayin iskar da ka danna tana dawowa ta tallafe ka. Ka wuce nan tallafin ya ƙare. In PERF ya ce tsayuwa a sama na son kashi 95 cikin ɗari, kashi 5 kawai ya rage maka kafin iyakar 100. Ɗan taka fedar hagu ma zai cinye shi. A irin wannan zafin ka ɗauki Hellfire 8, mai kashi 60.

Habu Garin Malam:
Yaya Lawali, to me ya sa jan kolektif ke ƙara nitsar da shi? Ai shi ne abin ɗagawa.

Lawali Birni:
Ƙanena, abu biyu ne suke kama da juna, sai ka duba lamba kafin ka san wanne ya same ka. Na farko ƙarfi ne ya ƙare. Ka ja fiye da abin da injinan T700 biyu za su iya bayarwa, juyin farfela da ya kamata ya zauna a kashi 101 ya fara sauka, murya ta yi maka gargaɗi. Ƙarin ja yana ƙara rage juyin. Na biyu shi ne jirgi ya faɗa cikin iskar da shi kansa ya tura ƙasa. Sharuɗɗansa uku: gudu ƙasa da not 16 zuwa 24 (not ma'aunin gudun jirgi ne), sauka fiye da ƙafa 300 a minti, kuma inji yana ba da ƙarfi. Iskar takan zagayo ta saman farfela ta koma ƙasa kamar zobe, duk abin da ka ƙara zoben kake ciyarwa. Jirgin zai yi karkarwa, sanda ta yi laushi a hannu.

Maganin duka biyun kusan ɗaya ne: ɗan sauke kolektif, tura sanda gaba, ka fita zuwa iska mai tsabta. Amma wannan yana cin tsayi, a ƙafa 100 ba ka da abin biya. Shi ya sa ake hana shi tun wurin rage gudu. Yayin da kake saukowa daga not 40 zuwa 20, ɗagawar da gudu ke ba ka kyauta tana tafiya, dole hannun hagu ya riga ta, ka fara ƙara kolektif tun kafin jirgin ya nemi sauka. Idonka a kan ma'aunin hawa da sauka da ke gefen dama na gilashin ido, ɗan tabaron kwalkwali da ke nuna wa matuƙi alamomi.

Nana Hadiza:
Malam Lawali, maganar nauyi gaskiya ce, amma kada a wanke na gaba tas. Mutari ya ce makamin gefe ya faɗi. Ko jirgi yana rawa, na gaba yana da kayan da zai riƙe hoto. A riƙon hagu na TEDAC, allon na gaba mai riƙo biyu, akwai LMC, wanda ke rama motsin jirgi. In ka kunna shi, ɗan yatsanka ba wurin gicciye yake turawa ba, saurin tafiyar gicciyen yake ƙarawa ko ragewa, don haka taɓawa kaɗan ake yi a saki. Masu danna shi kamar suna buga ƙwallo a manet su ne hoto ke gudu musu. Kuma LMC yana son tazara ta gaskiya, sai ka ɗan taɓa leza a matakin farko na kunama ya auna nisa. Akwai kuma IAT da ke kama hoton abin ya bi shi da kansa, in dai abin ya bambanta da bayansa sosai. Da rana tsaka a FLIR, kyamarar da ke ganin zafi, ƙasa ta yi zafi, tanka ta yi zafi, duk sun zama toka ɗaya, gara a koma kyamarar rana.

Sai lambar leza. Wadda jirgin ke haskawa ana sa ta a shafin CODE ƙarƙashin LRFD, wadda makamin ke nema ana sa ta a shafin CHAN, sannan a zaɓe ta a matsayin PRI a shafin makamai na WPN. Daga farko duka A ne, 1688. In wani ya canza ɗaya bai canza ɗayar ba, makamin zai tashi bai ga komai ba. In kuma jirage biyu suna haska 1688 a fili ɗaya, naka zai iya bin hasken maƙwabci. Ku raba lambobi tun a ƙasa.

Mutari Karkada:
Lamba dai ba a taɓa ta ba. Amma akwai wani akwati a gilashin ido da wani lokaci layinsa a tsinke yake, wani lokaci a haɗe.

Nana Hadiza:
To ka ga inda aikin mutum biyu ya haɗu. Wannan akwatin yana gaya wa na baya inda zai juya hancin jirgi. Layi a tsinke, ba a cika sharaɗin harbi ba. Layi a haɗe, an cika. In makamin ya riga ya kama hasken leza tun yana rataye, wato LOBL, akwatin babba ne kuma an yarda hanci ya kauce har digiri 20. In sai ya tashi zai nemi hasken, wato LOAL, akwatin ƙarami ne, digiri 7.5 kawai. Na gaba ne ke danna kunama amma na baya ne ke sa akwatin a tsakiya.

Sannan lezar ba a sakinta. Kunamar riƙon dama mataki biyu gare ta, na farko awo, na biyu haskawa. A kilomita 6 zuwa 7 makamin yana kusan rabin minti a iska, kuma TOF yana ƙirga maka daƙiƙun a ƙasan hoto. Duk tsawon nan yatsa na mataki na biyu. Da yawa sukan saki da sun ga hayaƙi ya tashi. Wani abin kuma, a haska jikin tankar daga ƙasa-ƙasa, wajen ƙafafun sarƙa da gangar jiki. In ka haska saman kanta, ɗan motsi kaɗan hasken ya tsallake ya sauka mita ɗaruruwa a bayanta, makamin kuma can zai bi.

Sanusi Sabon Gari:
Ni duk wannan ban ga dalilin tsayuwa cik ba. Jirgin da ke tsaye nama ne. T-72 da T-80 na wasan suna harba makami mai linzami ta bakin igwa zuwa kilomita 4 ko 5, motar kakkaɓo jirage Tunguska tana kaiwa 8, Igla a kafaɗar soja wajen 5. Ka taho da gudun not 60 zuwa 70, ka saki daga kilomita 7, ka karkata kaɗan yadda TADS bai kai iyakarsa ba, makami ya sauka ka juya. A wannan gudun inji yana hutawa, tork bai fi kashi 60 da wani abu ba, hoto ya fi zama, maganar nitsewa kuma babu ita. A fili irin namu, daga nan har Tanut, wane tudu za ka ɓuya a bayansa?

Lawali Birni:
Sanusi, a fili shimfiɗaɗɗe na bi ka. Amma not 70 mita 36 ne a daƙiƙa. Rabin mintin da makami ke tafiya ka matso fiye da kilomita ɗaya. Makami biyu a jere ka shiga bakin abin da kake gudu. Inda akwai duwatsu, kamar waɗanda suka tokare Birni, tsayuwa a bayansu ita ce amfanin jirgin: ka leƙo, na gaba ya auna ya danna STORE wurin ya zama T01, ka koma ƙasa, ku shirya a ɓoye, ka sake leƙowa daga wani gefen. Radar ma don haka aka ɗora ta a can ƙololuwa.

Tsayuwar kuma ba ta da wuya in an fahimci tirim, wato abin da ke sa sanda ta zauna inda aka ajiye ta, nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Maɓallin tirim na Apache hanya huɗu gare shi. Sama shi ne sakin tirim. Hagu yana riƙe yanayin jirgi, dama yana riƙe tsayi, ƙasa yana kashe su duka. Riƙon da dannawa hagu ke kunnawa yana sauya aiki da gudu: ƙasa da not 5 wuri yake riƙewa, daga 5 zuwa 40 gudu yake riƙewa, sama da 40 karkatar jirgi. Amma kwamfutar jirgin ikon da aka ba ta kaɗan ne, kamar kashi 10 na tafiyar sanda. In ka kunna riƙo alhali jirgin bai daidaita ba, za ta ja iya ƙarfinta ta gaza, ka ga SAS SATURATED, jirgi ya zame. Tsarin shi ne ka sa alamomin gilashin ido a yanayin tsayuwa, inda layin gudu ke cika a not 6. Ka riƙa mayar da ɗan da'irar nan tsakiya har layin ya shanye, ka danna tirim, ka saki, ka ga ya zauna, sannan ka danna hagu. Tsayi kuma sai hawa da sauka sun kusa sifili ka danna dama.

Kada a manta farfelar Amurka tana juyawa saɓanin agogo in an duba ta sama. Ka ja kolektif hanci ya tafi dama, sai fedar hagu. Farfelar wutsiya kuma tana tura jirgin dama, don haka a tsaye sanda tana ɗan hagu da baya, tayar hagu ta fi sauka. Wanda ya ga jirgin a karkace ya ce zai miƙe shi, shi ne ke zamewa.

Malam Isuhu Zango:
Yarana, ku bar ni in shigo ta wajen kayan aiki, don rabin abin da ake kira rashin iyawa daga tebur yake. Jirgi na gaske sandarsa tana zama inda aka yi mata tirim. Taku ta gida tana da rasor, wato sifirin, da ke mayar da ita tsakiya. A saitin wasan, shafin SPECIAL na AH-64D, akwai zaɓi uku. Mai sanda da rasor ya ɗauki na komawa tsakiya: ka danna tirim, wasan ya daina jin sandar har ka mayar da ita tsakiya. In ka bar shi a na nan-take, abin da ka riƙe zai ninku, hanci ya duƙa. Fedal ma zaɓinta daban. Ka danna Ctrl na dama da Enter, ɗan jan akwati zai fito ya nuna maka inda wasan ke ganin sandarka, da shi ake gane wannan matsalar.

Na biyu, DCS yakan raba wa duk na'urar da aka jona aiki da kansa. Sai ka tarar sanda da manet da fedal duk suna kan layi ɗaya suna faɗa. A shiga jerin AH-64D Pilot a goge, a shiga na CP/G a goge, don jeri biyu ne daban. Lanƙwasa, wato saitin da ke rage saurin amsawar sanda a tsakiya, 15 zuwa 20 ta isa a sanda. Kolektif a bar shi a miƙe.

Ɗan maɓallin zamiya na Logitech Extreme 3D Pro tafiyarsa gajera ce ƙwarai, milimita ɗaya ta motsa tork da yawa. Kolektif na hannu ba shi da wuyar haɗawa. Bututun ƙarfe santimita 40, mai walda ya yi masa maƙali a gefen hagu na kujera, ƙusa mai noti da wanki na roba biyu don ya yi tauri ya tsaya inda aka bar shi. A gindin a sa maganaɗisu da firikwensin SS49E, waya uku: 5V, ƙasa, da sigina zuwa A0. Allon ya zama Arduino Leonardo ko Pro Micro, masu ATmega32U4, don su kwamfuta ke gani a matsayin sandar wasa ta USB. Uno ba ya yi kai tsaye. Yana karanta mataki 1,024. Dalilin da na fi son maganaɗisu a kan potansiyometa shi ne ƙurar hunturu. Ta shiga cikin potansiyometa sai sigina ta fara rawa, tork yana tsalle kai ba ka taɓa komai ba.

Habu Garin Malam:
Baba Isuhu Allah ya ƙara girma. Na gaba fa, dole sai ya sayi sanda?

Malam Isuhu Zango:
A'a. Manet na Xbox ya ishe shi, har ya fi kama da TEDAC, tunda shi ma riƙo biyu ne da kunama biyu. Kunamar dama leza, ta hagu makami, ɗan sandan dama ya tura TADS. Abin da ba a yi wa rowa shi ne RAM. Giga 16 na tashi, amma shiga saba, wato injin da 'yan wasa ke haɗuwa a kansa, da mutane da yawa yana son 32, kuma a kan SSD. Kamfanin Eagle Dynamics ya saki Apache a watan Maris 2022, ana kuma iya gwada shi kwana 14 kyauta, ku gwada a kan injinku kafin ku fitar da kuɗi. Saukar da taswira giga gommai ne, a bar shi cikin dare. Kwamfutar tebur a sa mata ondiler, ɗaukewar kuran ana tsakiyar sabuntawa tana lalata fayil, sai an yi gyara an sake saukewa. Ga mai laptop, a ɗaga bayanta, a hure ƙura duk wata, in ba haka ba zafin bazara zai sa ta rage gudu da kanta, hoto ya riƙa tsinkewa daidai lokacin da kake neman tsayuwa.

Nana Hadiza:
Akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne daidaita gilashin ido. In an tada jirgi daga sanyi, kowane mutum sai ya yi nasa. A ƙara hasken PRIMARY, a shiga WPN, BORESIGHT, IHADSS. Ɗan tabaron da ke gabanka zai nuna zobba, ka gyara zamanka har su shiga cikin juna daidai, ka ɗora gicciye a tsakiya, ka danna B/S NOW. In an yi shi a karkace, igwar M230 da ke bin kai za ta riƙa zuba harsashi gefe, kuma duk abin da na baya ya nuna da kai ba nan na gaba zai gani ba.

Wannan nunin da kai shi ne ya fi komai sauri. Na gaba ya sa ACQ, zaɓin abin da TADS zai bi, a PHS, wato kwalkwalin na baya, ya danna SLAVE, TADS ya tafi inda na baya ke kallo, ya sake danna SLAVE ya karɓi riƙo. Wanda ya manta dannawa ta biyu zai yi ta tura ɗan yatsa hoto bai motsa ba. Shi ma na baya ya sa nasa ACQ a TADS don ya ga inda abokinsa ke duba. Magana kuma gajera: “tanka, ƙarfe 11, kilomita 6.” “Na gani.” “Juya hagu kaɗan.” “Akwati ya haɗe.” “Leza a kunne, na saki, daƙiƙa 25.” Daga nan na baya ba ya taɓa fedal sai an ce makami ya sauka. Kuma kada ya leƙa hoton TADS yana son ganin fashewa, nan ne tsayi ke zube masa.

Sanusi Sabon Gari:
Duk kun tabbatar da maganata, shafi kan shafi. Wanda ke son aikin mutum biyu ba tare da karatun kwamfuta ba ya ɗauki Mi-24P, ya fito a 2021, kuma danginsa ne Mi-35 da ake gani a sararin Sahel. Igwa GSh-30-2K a manne take a gefen dama, harsashi 250, da hancin jirgi ake saitawa. Makamansa masu linzami Shturm kilomita 5, Ataka 6, na gaba yana bin su da tabaro har su sauka, na baya ya ɗora alama kan alama ya ji ƙara. Farfelarsa bin agogo take, fedar dama ake takawa. Ba a gina shi don tsayuwa ba, don haka ba wanda zai yi gardamar da Mutari ya kawo.

Lawali Birni:
Sai dai in rana ta faɗi ka koma gida, tunda ba shi da FLIR. Kuma ka juya da ƙarfi tabaron yana buɗe ka lalata shi, wannan ma gardamar na gaba da na baya ce. Ban hana kowa Mi-24 ba, amma wanda ya saba da fedar dama ya dawo Apache sai ya yi mako ƙafarsa tana ruɗewa. A zaɓi ɗaya a zauna a kai wata uku.

Mutari, ga abin da zan ba ku. Ku rabu na kwana kaɗan. Na baya ya ɗauki jirgi mara makami a digiri 20, ya yi tsayuwa a ƙafa 5, sannan 50, sannan 150, minti biyu-biyu, yana shiga daga not 60 ba tare da sauka ta wuce ƙafa 300 a minti ba. Na gaba ya ba George, matuƙin kwamfuta na wasan, tuƙi, Ctrl da V ke fito da shi, W A S D ke ba shi umarni, ya sa shi a H-B, yanayin tsayuwa cik, ya tsaya, ya harba 16 a jere. George ba ya rawa. In makami ya kauce a nan, kun san hannun wa ne.

Mutari Karkada:
Madalla, Allah ya saka. Saura ɗaya: wani lokaci na gaba yana ganin makami a kunne, na baya yana ganin SAFE.

Malam Isuhu Zango:
Wannan rezo ne, injinan biyu sun saɓa. Yakan faru in na gaba ya shigo bayan an riga an tada jirgi, ko ping, wato jinkirin rezo, ya haura 250 yana hawa yana sauka. Ku shiga tare tun jirgi yana sanyi, kafin a murɗa BATT. Maɓallin da ya shafi ku biyu, irin A/S mai kunna makami ko kashe shi da shafin CODE, mutum ɗaya ya riƙa taɓa shi, ya faɗa da baki, ɗayan ya tabbatar ya gani. Tunda duk kuna Zinder, ku daina zagayawa ta saba ta Turai don atisaye. Ku haɗa injinan a ɗaki ɗaya da wayar rezo ko ƙaramin ruta, ɗaya ya buɗe saba, ɗayan ya shiga da adireshin IP na cikin gida, ping ɗin zai dawo 1 ko 2. In ya sake saɓawa ana cikin tafiya, na gaba ya fita zuwa 'yan kallo ya nemi kujerar kuma, na baya ya karɓe shi, sannan ya sake duba B/S da lambar leza kafin ya taɓa kunama.